Dutsen Taimamar Inna

A daminar da na gama aji uku na ƙaramar sakandare, kututturen kara ya soki Inna a tafin ƙafa. Inna kakata ce, mahaifiyar Baba, amma duk gidanmu haka muke kiranta, kuma na tabbata da akuyoyin gidan suna magana su ma Inna za su ce. Ta je gonarta ta bayan gari cire ciyawa a cikin gyaɗa, ba takalmi kamar yadda ta saba, don a ganinta takalmi na masu zuwa biki ne. Ta dawo tana ɗingishi, ta ce ba komai. Aka gasa da ruwan ɗumi da gishiri, aka shafa man shanu, aka ɗaura wani ganye da maƙwabciyarmu ta rantse ya taɓa warkar da jaki. Bayan mako biyu ƙafar ta kumbura ta kusa kai turmi, ta fara wari. Baba ya nemo mota aka kai ta asibitin da ke hedikwatar ƙaramar hukumarmu.

A can aka gano tana da ciwon suga. Inna ta ce sharri ne, ita ko koko ba ta sa wa sukari. Likitan, wani siririn saurayi mai tabarau, ya wanke ciwon ya naɗe shi da bandeji, sannan ya kafa doka biyu: kada ta sauko daga gado, kada kuma ruwa ya taɓa ƙafar ko da ɗigo ɗaya ne. Ya ja Baba gefe ya gaya masa, ni kuma kunnena ya bi su, cewa idan ciwon bai fara bushewa ba za a tura ta Kano a yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa.

Lokacin noma ne. Baba da yayyena ba su da ranar hutu, Umma na da goyo, don haka jinya ta faɗo kaina. Umma ta haɗa mini tabarma da kwanuka da buta, ta ɗora da gargaɗin da ya fi kayan nauyi: kada in yi surutu, kada in yi yawo, kada in ba mutane labarin ƙarya. Na ce to. Na cika alkawarin har zuwa bakin ƙofar gida.

Ɗakin mata gado takwas ne, tagoginsa na kallon wata gonar masara. Akwai fanka ɗaya a sama da ke juyawa kamar ana roƙonta. Mu 'yan jinya muna shimfiɗa tabarmi a tsakanin gadaje, kowa da tulin kwanukanta. Mai mulkin ɗakin wata nas ce, babbar mace, wadda tun daga bakin get ake jin ƙarar takalminta, har ƙudaje sukan shiga taitayinsu.

Ranar farko da aka kira azahar Inna ta ce in miƙo buta. Na tuna mata dokar likita. Ta ce likita jikanta ne a haife, kuma ita tun kafin a haifi ubansa take alwala. Sai na tara mata roba a kan gado, ta wanke fuska da hannuwa, ta wanke lafiyayyar ƙafar, sannan ta kwarara wa bandejin ruwa sau uku kamar mai ban ruwan albasa. Ni kuma na ɗauki mafici na dinga fifita shi don ya bushe kafin nas ta dawo. Haka muka yi sau biyar a rana. Ni ce mai gadi, ni ce mai fifita, kuma gaskiya a lokacin daɗin abin nake ji, don ban taɓa samun babban mutum da ya sa ni a cikin laifinsa ba.

A rana ta huɗu aka kwance bandejin, aka tarar ciwon ya jiƙe ya ƙara faɗi. Nas ta kalli Inna, ta kalle ni, ta kalli maficin da ke hannuna. Likita ya zo ya yi faɗa har tabaransa ya zamo kan hanci. Aka ƙwace butar aka kulle ta a ofis kamar ɓarauniya. Ya sake maimaita maganar Kano, wannan karon a gaban Inna.

Inna ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce, "Ƙafa dai biyu ce, ɗan nan. In an yanke ɗaya akwai ɗaya. Salla fa?"

Daga nan ta juya fuskarta bango. Ta ƙi abinci, ta ƙi magana, sai dai ta ce a kira Baba ya mai da ita gida. Azahar ta wuce ba ta yi ba. Na ga hawaye na bin gefen idonta yana shiga kunne. Tun da nake ban taɓa ganin Inna ta yi kuka ba, ko ranar da ɓarayi suka kwashe mata tumaki. A ranar na daina jin daɗin wasan.

Nas ce da kanta ta aika a kira Malam. Shi ne limamin ɗan masallacin da ke cikin asibitin, amma ba ma'aikacin asibiti ba ne, manomi ne kamar kowa. Bayan la'asar yakan zo a kan kekensa, fartanya ɗaure a baya, laka a ƙafar wando. Yana da wata 'yar kujera ta katako da yake riƙowa a hannu. Idan ya iso ɗakin mata sai ya yi sallama daga waje, ya tsaya har nas ta ce kowa ta rufa, sannan ya shigo ya bi gado gado. Tambayarsa ta farko ba ta wuce ina ne garinku, ta biyu kuma an yi ruwa a wajenku? Ya san inda aka yi ruwa daga Tofa har Shanono fiye da gidan rediyo. Idan aka roƙe shi ya ba da wani abin sha ko na shafawa, sai ya ce magani na wurin likita, shi nasa addu'a ce da zama.

Ya ajiye kujerarsa a gefen gadon Inna, ya gaishe ta, ta amsa wa bango. Ni na zaci zai buɗe wa'azi. Sai ya tambaye ni me muka shuka bana. Na ce gyaɗa. Ya ce ai shi a ganinsa gyaɗa ba ta son cirar ciyawa da wuri, gara a bar ta ta yi ƙwari. Kafin ya rufe baki Inna ta juyo da saurin da ya sa gadon ya yi ƙara. Ta ce wa ya gaya masa? Ta yi masa karatun gyaɗa tun daga iri har zuwa ɓara, shi kuwa yana gyaɗa kai kamar sabon ɗalibi. Sai daga baya na gane da gangan ya faɗi abin da ya san ba daidai ba ne.

Da ta gama, ya sa hannu a aljihu ya fito da wani dutse. Mai santsi ne, ruwan ƙasa, girmansa daidai tafin hannu. Ya yi mata maganar taimama. Inna ta ce ta san taimama, amma ai ta matafiya ce da suka rasa ruwa a daji, ita kuwa ga rijiya nan a bayan ɗaki. Ya ce mata ruwan da zai cuce ka hukuncinsa ɗaya da ruwan da babu, kuma wanda ya wajabta alwala shi ne ya sauƙaƙa wa marar lafiya. Ya ce ta yi taimama muddin tana kan gadon nan, idan likita ya yarda ta sauko sai ta koma alwala, ta riƙa shafa a kan bandejin kawai. Bai matsa mata ba. Ya yi addu'a, ya ajiye dutsen a kan 'yar durowar gefen gado, ya ɗauki kujerarsa ya wuce gado na gaba.

Inna ta kalli dutsen kamar an ajiye mata kunama. Ba ta taɓa shi ba.

A nan ne bakina ya yi aikinsa. Inna ba ta taɓa zuwa Makka ba, kuma babu abin da take so a duniya kamar ta je. Duk wanda ya dawo daga aikin Hajji a garinmu sai ta je ta zauna ta sa ya ba ta labari tun daga hawa jirgi. Sai na matsa kusa da ita na rage murya, na tambaye ta ko ta san daga ina dutsen nan ya fito. Na ce daga Makka. Kakan Malam ne ya taho da shi a ƙafa, shekara bakwai yana tafiya, har raƙuminsa ya mutu a hanya amma bai yar da dutsen ba.

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta miƙa hannu biyu ta ɗauka. Ta yi taimama yadda Malam ya nuna mata, ta rama sallolinta a zaune, ta ce in miƙo tuwon da ya huce tun rana. Ta cinye, har ta ce miyar ba gishiri.

Kwanakin da suka biyo baya su ne nake yawan tunawa. Ciwon ya fara bushewa. Likita ya fara murmushi, abin da muka ɗauka ba a koya musu a makaranta. Dutsen ya shiga yawo a ɗaki, daga wannan gado zuwa wancan, ni ce mai kai shi ni ce mai dawo da shi. Labarinsa kuwa kullum ƙara tsawo yake. Shekara bakwai ta koma goma sha biyu. Raƙumi ɗaya ya zama uku. Har zaki na sa a ciki, ya biyo kakan Malam, da ya ga dutsen ya sunkuyar da kai ya koma. Wata mai ciwon ciki ta fara ɗora shi a kan cibiya. Da mun ji ƙarar keken Malam sai kowa ta yi shiru, dutsen ya koma kan durowa kamar bai san komai ba.

Da la'asar ɗakin yakan canza. Hasken rana ya ratso ta ganyen masara, ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya danne warin magani, Malam na zaune a kan 'yar kujerarsa yana sauraron wata tana ba shi labarin ɗanta da ya tafi cirani bai dawo ba. Akwai wata tsohuwa a gadon ƙarshe da ba mai zuwa duba ta. A wurinta Malam ya fi daɗewa. Wani lokaci karatu kawai yake yi a hankali ita kuma tana jan carbi. Ranar da jikinta ya yi tsanani, da hantsi aka aika masa, ya bar noma ya taho. Ya zauna yana maimaita kalmar shahada a kusa da kunnenta har ta cika. Bayan an fitar da ita bai tafi ba, ya bi sauran gadajen ɗaya bayan ɗaya, don ya san kowa a ɗakin tana tunanin kanta ne. Da na fita ɗebo ruwa na hango shi a gindin darbejiya tare da likita. Likitan ya cire tabarau yana murza ido, Malam na yi masa magana a hankali. Ban taɓa sanin likita ma yana buƙatar a zauna da shi ba.

A rana ta tara da samun dutsen wata 'yar jinya ta ba ni goriba. Goribar nan ta fi ƙarfen gado tauri, na gwada haƙori na ji kamar zai bar ni. Inna na barci. Na duba ko'ina ban ga abin da zan daddoke ta da shi ba sai dutsen. Na ce a raina ai dutsen da ya sha tafiyar shekara goma sha biyu goriba ba za ta gagare shi ba. Na zagaya bayan ɗaki na zauna a bakin rijiya, na ɗora goribar a kan siminti, na ɗaga hannu na maka. Goribar ta yi gabas. Dutsen ya kuɓuce ya yi sama, ya daki bakin rijiya, ya faɗa ciki. Na ji ƙarar shigarsa ruwa.

Na zura guga ya fi sau ashirin, ban samo komai ba sai ruwa da wani ƙwaro. Sai na bi gindin katanga na tsinci wani dutse mai kama da shi, na wanke, na ga ba ya sheƙi, na lakato basilin ɗina na mulke shi. Na ajiye a kan durowa na zauna na yi fuskar mutanen kirki.

Da aka kira azahar Inna ta miƙa hannu ta ɗauka. Ko kallonsa ba ta yi ba, yatsunta kawai suka zagaya shi. Ta kai hanci ta shinshina.

"Wannan ba shi ba ne. Wannan warinki yake yi."

Na gaya mata gaskiyar rijiya, amma na bar ta Makka a ciki. Ba ta zage ni ba, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Cewa ta yi tunda dutsen mai albarka ya tafi, in aro mata buta a gadon kusa. Na ce a'a. Wannan ne karo na farko a rayuwata da na ce wa Inna a'a. Ta ce to ita za ta je rijiyar da kanta, ta fara jan ƙafar mai bandeji tana neman saukowa. Nas ba ta nan, ta je ɗakin haihuwa. Na roƙi matar gadon kusa ta riƙe mini ita, na kwasa da gudu ba takalmi.

Na tarar Malam a bakin masallaci ya idar da salla yana kwance makullin keke. Na zube a gabansa na zazzage komai, har da zakin. Ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Sannan ya ɗauke ta ya kakkaɓe, dariyar ta ɗauke gaba ɗaya. Ya ce ya gane niyyata, amma ba a yi wa addini ƙari ko don a taimaki mutum, don ga shi yanzu ƙaryar ta faɗa rijiya ta bar tsohuwa ba abin riƙewa. Ya karɓi faranti a wurin mai sayar da shayi, ya shiga gonar masarar nan ya ɗebo ƙasa mai tsabta daga inda ta bushe, ya ce in wuce gaba.

A tsakiyar ɗaki ya tsaya, bai ko zauna ba. Ya ce a gafarce shi, yana da magana. Ya ce dutsen nan a bakin rafin da ke ƙasan gonarsa ya tsince shi, kakansa kuma ko Kano sau biyu ya taɓa zuwa. Idanu goma sha shida, ban da na 'yan jinya, suka juyo kaina. Na nemi ƙasa ta tsage in shige, amma siminti ne.

Inna ce ta fara magana.

"To Malam, sallolina na kwana tara fa?"

"Suna nan daram, Inna, in sha Allahu. Da dutsen Makka da na bakin rafi duk mai su ɗaya ne. Tsarki ake nema, ba nisan tafiya ba."

Ta ce ita dai ba za ta taɓa wannan mai basilin ɗin ba. Ya ce ta yi gaskiya, shi ma ba zai taɓa ba. Ya miƙa mata farantin. Ta ɗebi ƙasar ta murza a tsakanin yatsu, ta kalle ta da kyau, ta ce ƙasar nan tana neman taki, ko waye mai gonar a gaya masa. Malam ya ce zai isar da saƙo. Ta ɗora tafukanta a kai, ta shafi fuska, ta shafi hannuwa, ta mai da ƙafar kan gado ta tayar da salla. Ni kuwa na koma kan tabarma na zauna.

Bayan ta idar ya tambaye ta ko akwai dutse a gonarta. Ta ce akwai, a gindin ɗorawa, wanda take wasa lauje da shi, tun na marigayi mijinta. Ya ce a kawo shi. Na kira Baba a waya, ya sa na maimaita sau uku don ya ɗauka kunnensa ne. Washegari ya iso a kan babur da dutsen naɗe a cikin ɗankwalin Umma. Gefensa ɗaya ya lotsa saboda shekarun wasa lauje. Inna ta karɓa, ta sa babban yatsanta a cikin lotsawar, ya zauna daidai. Daga ranar ba ta sake tambayar buta ba sai da likita ya ba da izini.

Hukuncina kuwa Malam ne ya yanke. Ya sa na bi gado gado ina janye labarina, tun daga raƙuma har zaki. Mai ciwon ciki ta fi kowa jin haushi, don ta ce ita ta ji sauƙi. Wata kuma ashe tun da ta ji dutsen ya faɗa rijiya ta aika an cika mata jarka da ruwan za ta kai gida. Sai da Malam ya dawo ya yi wa rijiyar nata bayanin daban.

Mun yi mako biyar a ɗakin. Ba a kai Inna Kano ba. An cire mata ƙaramin yatsa ɗaya, ta ce dama ba wani aiki yake yi mata ba. Ranar sallama nas ta fito da butarmu daga ofis ta miƙa mini, ta ja kunnena. Malam ya rako mu har mota yana tura kekensa, ya ce Inna ta gaishe masa da gyaɗa.

Bara na raka ta gwajin suga, muka leƙa masallacin. Wani matashi ne ke limanci yanzu. Ya ce gwiwoyin Malam sun hana shi hawa keke, yana gida, amma ya bar masa 'yar kujerar ya ce kada ya bari ta yi ƙura. Inna ta sa Baba ya kai masa kwano biyu na gyaɗa, da saƙon cewa wannan an cire mata ciyawa da wuri.

Dutsen ya koma gindin ɗorawa ya ci gaba da wasa lauje. Inna na zuwa gonar da ƙafafunta biyu, sanye da takalmin roba da take zagi tun daga gida har ta isa. Idan na bi ta na fara ba ta wani labari, takan tsaya ta dube ni ta ce in fara gaya mata raƙuma nawa ne a ciki.